Yadda ake sa manhajar Linux ta yi aiki a kan kwamfutar da ba a kanta aka gina ta ba

Saura 'yan makonni alhazai su fara sauka Jidda, wani ƙanena da ke karatun kwamfuta ya kira ni da daddare daga wani ofishin masu hidimar alhazai a Makka, can wajen Shari'ul Mansur. Ya rubuta musu ƙaramar manhaja ta rajistar masauki, ya gwada ta a laftof ɗinsa ta yi aiki sumul, ya kai ta tsohuwar sabar ofishin ta ƙi tashi. Ya ce, "Yaya, wallahi ban canja komai ba." Na ce ya karanto min abin da ta rubuta:

```
./rajista: /lib/x86_64-linux-gnu/libc.so.6: version `GLIBC_2.34' not found
```

Gaskiya ya faɗa, bai canja komai ba. Laftof ɗinsa Ubuntu 24.04 ce, sabar kuma Ubuntu 20.04. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da ke wannan sana'a a Makka da Jidda da Madina suna cin karo da saƙon nan, domin ƙananan ofisoshi da shaguna ba sa saurin sauya injin da ke yi musu aiki, mu kuma masu rubuta manhaja kullum sabon abu muke sakawa a namu.

Abin da ake nufi da glibc, da alkawarin da ta ɗauka

Kusan duk manhajar da ke gudana a Linux ba ta magana kai tsaye da kanel, wato zuciyar Linux mai sarrafa injin. In za ta buɗe fayil, ko ta nemi gurbi a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ko ta nemo adireshin wata saba a intanet, laburaren C take aika, wato tarin shiryayyun ayyuka da manhajoji ke kira. A Ubuntu da Debian da Red Hat da danginsu, wannan laburare shi ne glibc na aikin GNU, wanda Roland McGrath ya fara rubutawa a ƙarshen shekarun 1980. Fayil ɗinsa shi ne `libc.so.6`, kuma ana fitar da sabuwar siga kusan duk wata shida.

Tun siga ta 2.1 kowane aiki da ke cikin laburaren yana ɗauke da tambarin siga. In masu kula da shi sun sauya halin wani aiki, ba sa jefar da tsohon. Sai su bar shi da tsohon tambarinsa, su ƙara sabo a gefe. Shi ya sa manhajar da aka harhaɗa, wato aka mayar da rubutunta fayil ɗin da inji ke gudanarwa, shekara goma da suka wuce takan tashi a sabuwar kwamfuta. Amma lokacin da kake harhaɗa taka, mai haɗawa, wato abin da ke ƙulla manhajarka da laburare, sabon tambarin da ya tarar a injinka yake ɗauka. Ka kai ta tsohon inji, babu wannan tambarin, sai ta tsaya. Alkawarin fuska ɗaya yake kallo: abin da aka gina a kan tsohuwa yana tafiya a kan sabuwa, wanda aka gina a kan sabuwa ba ya komawa baya.

Mataki na 1: Ka san injin da za ka kai wa kaya

Kafin ka taɓa komai, shiga injin da manhajar za ta zauna a kai ka buga waɗannan:

```
getconf GNU_LIBC_VERSION
uname -m
uname -r
cat /etc/os-release
```

Na farko zai ba ka sigar glibc, na biyu irin furosesa, na uku sigar kanel, na huɗu sunan babbar manhajar. `ldd --version` ma yana nuna sigar glibc a layinsa na farko. In ba za ka iya zuwa ofishin ba, ka tura wa wanda ke wurin umarnin ta WhatsApp ya ɗauko maka hoton allon. Kada ka dogara da "ai Ubuntu ce", domin tsakanin Ubuntu da Ubuntu akwai tazarar shekaru.

Ga sigogin da aka fi gamuwa da su: CentOS 7 tana da 2.17. Red Hat 8 da AlmaLinux 8 da Rocky 8 suna da 2.28, haka ma Debian 10. Ubuntu 20.04 da Debian 11 suna da 2.31. Red Hat 9 tana da 2.34, Ubuntu 22.04 tana da 2.35, Debian 12 tana da 2.36, Ubuntu 24.04 kuma 2.39. Lambar ba ta canjawa tsawon rayuwar wannan fitowa. Ko sau nawa ka buga `apt upgrade` a Ubuntu 20.04, 2.31 tana nan yadda take. Da gangan aka yi haka, don kada abin da ke aiki yau ya wayi gari ya lalace.

In injina da yawa ne, rubuta su duka a takarda, ka ja layi ƙarƙashin wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta. Shi ne ma'auninka.

Mataki na 2: Ka tambayi manhajar abin da take bukata

A kan injinka, da `objdump` na cikin binutils:

```
objdump -T ./rajista | grep -o 'GLIBC_[0-9.]*' | sort -Vu | tail -1
```

Lambar da ta fito ita ce mafi ƙarancin sigar da manhajar za ta yarda da ita. In ta zarce ma'auninka na mataki na 1, ka gano ciwon. Don ka ga wane aiki ne ya jawo, sai ka tace da lambar:

```
objdump -T ./rajista | grep GLIBC_2.34
```

A nan mutane ke mamaki. Sau da yawa za ka tarar ba wani sabon abu ka yi amfani da shi ba. A siga ta 2.34, wadda ta fito a Agustan 2021, an haɗe libpthread da libdl cikin libc ɗin kanta, kuma aikin `__libc_start_main`, wanda kowace manhaja ke bi kafin ta shiga `main`, ya samu sabon tambari. Saboda haka ko manhajar da ba ta yin komai sai buga sallama a allo, in an harhaɗa ta a kan 2.34 ko sama, ba za ta tashi a ƙasa da haka ba. Irin wannan ya faru da `stat` a 2.33, da `pow` da `log` da `exp` a 2.29, da `memcpy` a 2.14. A 2.38 kuma `strtol` da `sscanf` suka fara komawa sunaye masu farawa da `__isoc23_`, musamman ga masu rubutu da C++. Ba laifin abin da ka rubuta ba ne, wurin da ka harhaɗa ne.

Ka maimaita binciken a kan duk fayil mai `.so` da ka tattaro tare da manhajar. Ɗaya tak ya isa ya hana ta tashi.

Ka kuma lura da sunan da ke cikin saƙon. In ka ga `GLIBCXX_3.4.30` ko makamancinsa, wannan ba glibc ba ce, libstdc++ ce, laburaren C++ na GCC, mai harhaɗawa na GNU. Sunayen sun yi kama, maganinsu daban. Nata mai sauƙi ne: ka ƙara `-static-libstdc++ -static-libgcc` wajen haɗawa.

Mataki na 3: Abin da ba a yi

Zan daɗe a nan, domin na taɓa ƙonewa. A farkon aikina a Jidda, wata saba ta wani ɗan kasuwa mai sito ta ba ni irin wannan saƙo. Na ɗauko `libc.so.6` daga sabuwar kwamfuta na kwafa a kan na sabar. Nan take `ls` ta daina aiki, `cp` ta daina, `sudo` ta daina, ba wanda ya ƙara iya shiga daga nesa. Sai da aka je da filashi aka tayar da injin daga waje aka mayar da tsohon fayil. Mutumin ya yi kusan wuni ba ya iya fitar da takardar kaya, kuma har yau in na tuna fuskarsa raina yana ɓaci. Garin neman gira na kusa rasa masa ido.

Dalilin shi ne `libc.so.6` ba ta zaman kanta. Tana tafiya da mai loda manhaja, `ld-linux-x86-64.so.2`, da libm da sauran 'yan ɗakinsu, kuma suna magana da juna ta wasu ayyuka na cikin gida masu tambarin `GLIBC_PRIVATE` waɗanda dole su zama daga gini ɗaya. Ka sauya ɗaya ka bar saura, komai ya rushe, tunda kusan kowane umarni a injin ta nan yake bi.

Don haka kada ka kwafa libc daga wani inji. Kada ka ƙara ma'ajiyar Ubuntu 24.04 a cikin 20.04 don ka jawo `libc6` kaɗai. Kada ka sauko da glibc ka harhaɗa ka buga `make install` a kan `/usr`. Za ka ga masu ba da wannan shawara a intanet. Su ba su ne za su tsaya gaban mai ofis ba.

Mataki na 4: Ka gina a kan tsohuwa

Wannan ita ce hanyar da nake bi kusan kullum. Ba sai ka nemo tsohuwar kwamfuta ba, kwantena ta wadatar, wato keɓaɓɓen muhallin wata Linux da Docker ke tayarwa a cikin injinka. In ma'auninka 2.28 ne ko sama:

```
docker run --rm -it -v "$PWD":/aiki -w /aiki almalinux:8 bash
dnf install -y gcc gcc-c++ make
make clean && make
```

Ka fita, ka maimaita mataki na 2. Lambar ba za ta wuce 2.28 ba, kuma manhajar za ta tashi a Ubuntu 20.04 da 22.04 da 24.04 da Debian 10 zuwa sama da Red Hat 8 da 9. Kada ka manta da `make clean`. Ragowar fayilolin da aka harhaɗa a waje sukan shigo da sabbin tambura ta bayan gida.

Wani zai ce GCC na AlmaLinux 8 ya tsufa, ba ya gane sabon C++. Akwai gcc-toolset: ka saka `gcc-toolset-13`, ka buga `source /opt/rh/gcc-toolset-13/enable`, ka samu sabon mai harhaɗawa a kan tsohuwar glibc. An tsara shi ne domin wannan bukata.

Ni yanzu 2.28 nake ɗauka ma'auni in ba wani dalili. Node.js tun siga ta 18 ita yake nema, VS Code ma ya koma kanta a farkon 2024. CentOS 7 mai 2.17 ta daina samun gyaran tsaro tun 30 ga Yunin 2024. In mai ofis yana kanta har yanzu, ka gina masa abin da zai yi aiki yau, amma ka zaunar da shi ka faɗa masa gaskiya: Alhaji, injin nan akwai fasfo da lambobin iƙamar mutane a ciki, kuma ba mai toshe masa ɓaraka. Ubuntu 20.04 ma wa'adin tallafinta na kowa da kowa ya ƙare a 2025.

Masu Python an riga an share musu hanya. Sunayen da kake gani a jikin fakiti, irin su `manylinux2014` da `manylinux_2_28`, alkawarin sigar glibc ne: na farko 2.17, na biyu 2.28. In kana da fakiti mai ɗauke da C, gina shi cikin kwantenar `quay.io/pypa/manylinux_2_28_x86_64`, ka duba shi da `auditwheel show`. In kuwa `pip` ya ƙi ɗauko ginannen fakiti ya kama harhaɗawa da kansa a tsohuwar saba, galibi glibc ɗin wurin ce ta gaza abin da fakitin ke nema, ko kuma `pip` ɗin ne ya tsufa.

Masu Go, in ba sa kiran C, `CGO_ENABLED=0 go build` ya raba su da glibc gaba ɗaya. Akwai kuma Zig, wanda ke ba ka damar faɗin sigar da kake so kai tsaye, `zig cc -target x86_64-linux-gnu.2.28`, masu Rust kuma suna amfani da shi ta `cargo-zigbuild`.

Mataki na 5: In manhajar ba taka ba ce

Wani lokaci an ba ka ginannen fayil ne kawai, ba ka da tushensa. Zaɓi na farko, ka nemi wanda ya yi ta ya ba ka ginin tsofaffin injina; da yawa suna da shi. Na biyu, ka ɗaga babbar manhajar gaba ɗaya ta hanyar da aka tanada, bayan ka kwafe bayanai a wani wuri. Amma ba a fafe gora ranar tafiya: wannan aikin Muharram ne ko Safar, ba na Zulƙida ba. Na uku, ka gudanar da ita cikin kwantena mai sabuwar glibc, misali `ubuntu:24.04`, a kan tsohuwar sabar.

Kwantena tana zuwa da glibc ɗinta, amma kanel na mai masauki ne, wato injin da take zaune a kai. Sabbin sigogin glibc a x86_64 suna neman kanel 3.2 ko sama, wanda da wuya ya zama matsala. In ya gaza za ka ga `FATAL: kernel too old`. Abin da ya fi cizo shi ne tsohon Docker. Daga 2.34 glibc tana gwada kiran `clone3`, Docker da ya gaza 20.10.10 kuma yana tare shi ta hanyar da ke hana ta komawa tsohon kira, sai ka ga abubuwa suna mutuwa ba dalili. Sabunta Docker ɗin ya magance.

Akwai hanya ta huɗu, ajiye cikakkiyar glibc a wata folda ta daban kamar `/opt`, a juya manhajar zuwa can da `patchelf --set-interpreter` da `--set-rpath`. Tana aiki, ba ta taɓa na injin, amma duk gyaran tsaro ya dawo wuyanka. Ba na ba sabon shiga shawararta.

Mataki na 6: Furosesa da sauran laburare

In `uname -m` ya ce `aarch64`, kamar Raspberry Pi mai bit 64 ko sabar ARM, ginin x86_64 ba zai tashi ba ko da sigar ta dace; za ka ga `Exec format error`. Umarnin `file ./rajista` zai gaya maka wa aka gina wa. A cikin x86_64 ɗin ma akwai hawa-hawa. Red Hat 9 da danginta suna neman matakin x86-64-v2, Red Hat 10 kuma v3. Tsohuwar kwamfutar da aka sayo gwanjo, ko injin kwaikwayo (virtual machine) da aka saita da furosesa na gama-gari, zai iya ba ka `Fatal glibc error: CPU does not support x86-64-v2`. In injin kwaikwayo ne, saita shi ya nuna ainihin furosesan mai masauki.

Sai Alpine Linux, wadda ake yawan sakawa a kwantena don ƙanƙantarta. Ita ba glibc take amfani da ita ba, musl ce. Ka kai mata ginin glibc, sai ta ce `not found` alhali ga fayil ɗin kana gani. Ba shi ta rasa ba, mai lodawar da aka rubuta a cikinsa ta rasa. `readelf -l ./rajista | grep interpreter` zai nuna maka sunansa. Ko ka gina a cikin Alpine, ko ka koma `debian:12-slim`. Android ma nata daban ne, Bionic, shi ya sa ginin Ubuntu ba ya tashi a Termux kai tsaye.

Game da cusa laburaren gaba ɗaya cikin manhaja da `-static`: da musl yana tafiya lafiya, da glibc kuwa akwai tarko. Neman adireshin intanet da `getaddrinfo`, da neman sunan mai amfani, da sauya tsarin haruffa da `iconv`, duk suna loda wasu fayiloli ne lokacin aiki, kuma mai haɗawa zai gargaɗe ka cewa har yanzu kana bukatar glibc irin wadda ka gina da ita. Ban da haka, in aka gano ɓaraka a ɓangaren da ka cusa, gyaran da injin ya samu ba zai shafi manhajarka ba sai ka sake gini.

Mataki na 7: Larabci da jerin sunaye

Wannan ya shafe mu a nan fiye da wasu, kuma ba ya zuwa da saƙon kuskure mai ƙara. Tsofaffin fayilolin ofisoshi da yawa Larabcinsu da tsarin Windows-1256 aka adana shi. Gwada a injin da za a yi aikin:

```
iconv -f CP1256 -t UTF-8 tsoho.csv | head
locale -a
```

In na farko ya ƙi a dangin Red Hat 9, saka `glibc-gconv-extra`. In `ar_SA.utf8` ba ya cikin jerin na biyu, a Ubuntu `locale-gen ar_SA.UTF-8` ne, a dangin Red Hat `glibc-langpack-ar`. Kwantenoni galibi ba sa zuwa da su. Akwai ma `ha_NG` na Hausa a cikin glibc, ga mai so.

Mafi haɗari shi ne jeranta haruffa. A siga ta 2.28, a 2018, an sabunta ƙa'idar da glibc ke bi wajen sanin wace kalma ke gaba da wace. PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, yana dogara da wannan ƙa'ida wajen gina fihirisar rubutu. In ka kwashe foldar bayanansa yadda take daga CentOS 7 zuwa AlmaLinux 8, ko ka ɗaga Ubuntu 18.04 zuwa 20.04, fihirisar an jera ta da tsohuwar ƙa'ida, ana nema da sabuwa. Sunan alhaji yana cikin rumbun amma bincike ya ce babu, ko a shigar da abu ɗaya sau biyu inda aka hana maimaici. Sunayenmu masu alhamza da karan ɗori, irin su Sa'adatu da Abdul-Ƙadir, suna cikin waɗanda irin wannan sauyi ke iya shafa. Ko ka ƙaura da `pg_dump` da `pg_restore`, ko ka buga `REINDEX DATABASE` kafin kowa ya fara aiki a sabon injin.

Mataki na 8: Gwaji kafin ka kama hanya

Bayan gini, tayar da manhajar cikin kwantena fes mai daidai da injin ofishin, wadda ba a saka mata kayan harhaɗawa ba:

```
docker run --rm -v "$PWD":/aiki ubuntu:20.04 /aiki/rajista
```

Ka sake gwadawa a mafi sabuwar da kake tallafawa. In wani laburare ya ɓace, `ldd ./rajista` a cikin kwantenar zai nuna shi da `not found` a gabansa. Amma `ldd` a kan abin da ka gina ko ka amince da shi kawai ake bugawa, domin a wasu yanayi yana iya tayar da fayil ɗin. Ga baƙon fayil, `objdump -p` ka nemi layukan `NEEDED`.

Sannan ka rubuta a takardar da ke rakiyar manhajar: tana bukatar glibc 2.28 ko sama, x86_64. Ka saka umarnin mataki na 2 cikin tsarin gininka, ya tsayar da aikin in lambar ta haura ma'auni, domin wata rana kai ko wani zai manta ya harhaɗa a laftof.

Ƙanen nawa a daren nan AlmaLinux 8 ya jawo, ya sake gini, lambar ta sauko ƙasa da 2.31, ya tura fayil ɗin sabar ta karɓa. Ɗaga sabar daga 20.04 kuwa mun ajiye shi sai alhazai sun watse, kuma na ce masa ranar ya fara da `pg_dump`.